Mayar da manhajar kula da takardu zuwa gajimare

Mayar da manhajar kula da takardu zuwa gajimare shi ne aikin kwashe takardun ofis da ke cikin kwamfuta, tare da manhajar da ke tsara su, daga sabar da ke cikin ginin ma'aikata zuwa cibiyar adana bayanai ta wani kamfani ko hukuma, inda ake isa gare su ta intanet. Sabar ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ɗauko bayanai daga cikinta. Kalmar gajimare kuwa fassara ce daga Turanci, kuma tana iya ruɗar mutum: takardun ba a sama suke ba, suna cikin wasu na'urori ne a wani gini a Abuja, Kano, Legas ko wata ƙasa.

Manhajar kula da takardu tana yin aikin rajistara. Tana ajiye kowane fayil da lambarsa, tana nuna wanda ya buɗe shi da ranar da aka gyara shi, tana kuma hana wanda ba shi da izini gani. Daga cikin sanannunta akwai SharePoint, Alfresco da Laserfiche.

Dalilan ƙaura

Sabar da ke cikin ofis tana buƙatar wuta ba yankewa, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta ta. A jihar Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan na nufin janareta da dizal ko sola. Akwai kuma tsufan manhaja. Kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Yulin 2026 a matsayin ranar daina tallafa wa SharePoint Server 2016 da 2019. A watan Yulin 2025 masu kutse sun yi amfani da wata ɓaraka suka shiga sabar SharePoint na ma'aikatu da dama a duniya, amma abin bai taɓa na gajimare ba.

A Najeriya

Hukumar NITDA ta fitar da manufar amfani da gajimare ta ƙasa a shekarar 2019, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su fara duba gajimare kafin su sayi sabuwar sabar. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, shi ke riƙe da cibiyoyin adana bayanai na gwamnati a Abuja da Kano. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya kuma ya ba ma'aikatun tarayya wa'adin 31 ga Disambar 2025 su koma aiki ba tare da fayilolin takarda ba.

Shirye-shirye

Kwafar fayiloli ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana cikin abin da ake yi kafin a taɓa ko da fayil ɗaya.

Ana farawa da ƙirga abin da ke akwai. Yawancin ofisoshi kan tarar da takarda ɗaya an ajiye ta sau huɗu ko biyar da sunaye mabambanta, ga fayilolin ma'aikatan da suka yi ritaya, ga hotunan biki da wani ya ɓoye a jakar albashi. Tun da ana biyan kuɗin gajimare ne gwargwadon girman ajiya da yawan masu amfani, duk tarkacen da aka kwasa za a riƙa biya masa haya kowane wata. Sai dai shara ba ta kowa ba ce: takardun filaye, na fansho da na kotu suna da wa'adin ajiya, kuma ba ma'aikacin kwamfuta ne ke da hurumin goge su ba.

Daga nan sai izini. A tsohuwar sabar, izinin shiga yakan taru shekara da shekaru ba tare da an duba ba, har a samu wanda aka yi wa canjin wurin aiki tuntuni yana iya buɗe fayilolin sashensa na da. A cikin ofis illar wannan ba ta wuce bangon gini. A gajimare kuwa duk mai kalmar sirri zai iya shiga daga ko'ina, shi ya sa ake sake tsara izinin daga tushe, a kuma ƙara matakin tantancewa na biyu ta waya.

Sunayen fayiloli ma suna jawo matsala. SharePoint na gajimare ba ya karɓar alamomi irin su * da ? da : a cikin suna, kuma ba ya karɓar adireshin fayil da ya wuce haruffa 400. Ga takardun Hausa akwai ƙarin damuwa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an riƙa buga ƙ, ɗ da ɓ da wasu haruffa na musamman da ake sakawa a kwamfuta. Idan aka buɗe irin wannan takarda inda babu waɗannan haruffa, sai ƙugiyoyin su rikiɗe zuwa wasu alamomi. Manhajar da ke karanta takardar da aka yi wa sikanin ita ma takan ɗauki "ƙasa" a matsayin "kasa", ko "ɗaki" a matsayin "daki", don haka mai bincike ba zai samu abin da yake nema ba. Rubutun ajami na hannu kuwa galibi sai mutum ya zauna ya rubuta masa bayani da kansa. Saboda haka ake fara gwaji da ƙaramin kaso kafin a kwashe sauran.

Doka da kuɗi

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tambayar inda na'urorin suke tana da muhimmanci, domin manyan cibiyoyin Microsoft, Amazon da Google na nahiyar Afirka suna Afirka ta Kudu ne. Alhakin bayanan yana nan a wuyan ma'aikata ko da wani ke ajiye mata su.

Game da kuɗi, farashin kamfanonin waje yana bin dala. Ma'aikatar da ta yi lissafi a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta tarar da ita ta haura naira 1,500 a 2024.

Dogaro da layin sadarwa

Nan ne ofishin birni da na karkara suka sha bamban. Ɗora gigabayit 500 a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa yana cin fiye da kwana huɗu da rabi, idan layin bai tsinke ba ko sau ɗaya. Bayan ƙaura kuma, ranar da babu sabis babu fayil.

Gabashin Sakkwato ya ga hakan. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Da a ce wani asibiti ko makaranta a gari irin Rara ya mayar da dukkan takardunsa gajimare, da ba mai iya buɗe katin majiyyaci ko sakamakon ɗalibi har sai an maido da layi. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da ofisoshi suka yi tsaiko har a Legas.

Wannan ne ya sa wasu ma'aikatu ke zaɓar tsarin gauraye: a bar kwafin takardun yau da kullum a wata na'ura a ofis, ta riƙa daidaita kanta da gajimare duk lokacin da sabis ya dawo. Kwafi na dabam yana da amfani ko da layi lafiya yake. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu abokan cinikin da ba su da ajiya a wani wuri sun rasa bayanansu baki ɗaya. Akan bar tsohuwar sabar a kunne na wasu watanni bayan ƙaura, a yanayin karatu kawai, har sai kowane sashe ya tabbatar fayilolinsa sun isa cif.