Kyanwar Ɗaki da Akuyar Turke

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasashen Agye, Gazawa da Gidan Rumji, galibi cikin watan Yuni, sai mai gari ya sa a yi shela cewa kowa ya kama dabbarsa. Jar akuyar nan ta Maraɗi, wadda ta kwashe rani tana yawo daga gona zuwa juji, tana tsintar 'ya'yan gawo da ragowar kara, sai ta wayi gari da igiya a ƙafa. Wasu akan haɗa su garke a ba makiyayi, amma da yawa turke suke ƙarewa. Kwanakin farko ba a barci a gidan. Tana kuka, tana fizgar igiya, tana zagaya turke har ta naɗe kanta, a zuba mata ciyawa ta shinshina ta kau da kai.

Matar gida ba ta jin haushin wannan kukan, don ta san dalilinsa. Takan kafa turken a inuwa, ta aiki yara yankan ciyawa safe da yamma, ta dama dusa da 'yar kanwa, ta ajiye ruwa a tsohon kwano, ta share kashin kada ƙafar dabbar ta ruɓe da laima. In akwai ɗan akuya, kusa da uwar take barinsa. Ba ta taɓa cewa tunda na ɗaure ki, ki san yadda za ki yi da cikinki. Ta san duk abin da dawa ke ba akuya kyauta, daga ranar da igiya ta shiga ƙafarta ya koma wuyan mai ita.

Abin da ke damuna shi ne, mu ɗin nan da muka iya wannan da akuya, in aka zo kan kyanwa sai mu manta. A garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta, daga Gidan Rumji da Tibiri zuwa Caduwa, Agye da Gazawa, akwai magazoji cike da buhunan aya, gyaɗa, wake da hatsi. Kusu ya dami ɗan kasuwa, sai ya sa yaro ya kamo masa kyanwa a unguwa, a jefa ta ciki, a danna kwaɗo. In ka ce, "Alhaji, me mussar nan take ci?" sai ya ce, "Kusa mana, ai don su na kawo ta." Kyanwar da za ta rayu da kusa kaɗai tana bukatar kusan 8 zuwa 10 a yini, kuma da ta yi mako a wurin, kusan sun ragu, sauran sun koyi ɓuya. Ruwa kuwa babu wanda ya tuna da shi. Ga hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ɗan makarantar allo ma ya sani, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinta ba.

Ba cewa nake tsare kyanwa laifi ne ba. Sau da yawa shi ne kariyarta. Manyan motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da dare suna take kyanwoyi. Maganin kusu da ake sayarwa a faranti a kasuwa yana kashe kyanwar da ta ci kusun da ya sha shi. Wata ta koyi cin 'yan tsaki ko tantabarun maƙwabta, har zumunci na neman lalacewa a kanta. Wata baƙa ce, yara na jifanta saboda camfin maita. Ga cizon kare, wanda kan iya sa mata ciwon hauka ta kawo shi cikin iyali. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya. Sai dai katangar gidan Bahaushe ba ta tsare kyanwa, tsalle ɗaya ta haye. Tsare ta na nufin ɗaki, ko shago, ko gidan siminti mai ƙofa da taga, kuma wannan babban canji ne ga dabbar da kakanninta kyanwoyin daji ne, waɗanda suka matso kusa da mutum tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce don kusan da ke rumbunansa. Har yau jikinta na maharbi ne.

In za a tsare ta, a fara da ɗaki guda, mara hayaniya. Kyanwa wuri take sabawa da shi kafin mutum, shi ya sa da an sake ta a baƙon ɗaki sai ta shige ƙarƙashin gado ko bayan buhu. A bar ta. Kada a sa yara su jawo ta da sanda wai don ta saba da hannu. A kifa mata kwando ko kwali mai ƙofa, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, don ƙamshin jikinta na kwantar mata da hankali. Ranar da ta fito da kanta ta goga kumatunta a ƙafar gado ko a ƙafarka, ta fara ɗaukar wurin a matsayin nata.

Sai abinci, kuma nan kwatancen akuya ya fara gazawa. Akuya ciyawa ta ishe ta, kyanwa kuwa maciyiyar nama ce, akwai sinadaran da jikinta ba ya samu sai daga nama, rashinsu kan taɓa ido da zuciya. Lokacin da take yawo, ɗan tuwon da ake jefa mata ƙari ne kawai a kan kusu, ƙadangare da fara. Yanzu da aka rufe ƙofa, tuwo da fura ba za su riƙe ta ba. Guntayen nama da kayan ciki daga wurin mahauta, dafaffen ƙwai, busasshen kifi da aka jiƙa aka rage masa gishiri, waɗannan ba su fi ƙarfin mai magaza ba. A nisanta ta da miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Madara ma, duk da sonta da take yi, takan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo. A riƙa ba ta a lokaci guda kullum, da asuba da kuma magariba, lokutan da dama take farauta. In ta san kwano na zuwa da magariba, sai hankalinta ya bar ƙofa ya koma kan kwanon.

Wurin ba-haya ba shi da wuya a ƙasar da rairayi ke ko'ina. Tsohon daro, a cika shi da rairayi mai laushi, a ɗebo kaɗan daga inda ta saba tonawa a waje a barbaɗa a kai, a ajiye nesa da abincinta. A kwashe kullum, don kyanwa ba ta komawa wuri mai ƙazanta, sai ta nemi bayan buhu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aikin, akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da kan cutar da ɗan tayi.

Abin da aka fi mantawa shi ne aikin yi. Kyanwar waje tana hawa katanga ta hango unguwa, tana wasa farce a jikin bedi, tana laɓe tana dako. A ɗaki in ba a ba ta madadin ba, za ta huce a kan katifa, labule da buhunan da aka kawo ta ta tsare. Guntun icce mai ɓawo a jingine da bango ya isa wurin karta. A bar mata saman kabad ko wani kanta kusa da taga mai waya, inda za ta zauna ta kalli tsakar gida. Da yamma yaro ya ɗaura gashin zabo a zare ya ja a ƙasa. Ka ga yadda take sunkuyar da kai, ta kafe ido, ta motsa ƙugu, ta daka tsalle. In ta kama, a bar ta ta kama, sannan a ba ta abinci. Kyanwar da ta yi wannan kafin dare ta fi yin barci.

Kukan bakin ƙofa zai zo, musamman cikin dare, kuma zai iya ɗaukar makonni. In aka buɗe mata don ta yi kuka, ta koyi cewa kuka ke buɗe ƙofa. Duka kuma tsoron mai gida kawai yake koya mata. Muzuru ya fi wuya, don neman mace ke kiransa, yana kuma fesa fitsari a bango. Maganin wannan fiɗiya ce a hannun likitan dabbobi, ba a hannun wanzami ba, kuma a tafiya guda a nemi allurar rigakafin ciwon hauka. Kada a ba ta parasitamol ko da ɓari ne, yana kashe kyanwa, haka ma kada a fesa maganin sauro tana cikin ɗaki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, ɗakin kwano a rufe ruf yana iya halaka ta cikin yini guda, sai da iska da ruwa a kwano biyu. Igiya kuwa ta akuya ce, kyanwa kan shaƙe kanta da ita.

Akwai wani bambanci kuma. Akuya ɗaurinta na da wa'adi, bayan an kwashe amfanin gona hukuma kan sanar da ranar sakin dabbobi. Kyanwar ɗaki ba ta da wannan ranar. 'Yar ƙarama da wadda ta tsufa sukan saba da sauƙi, amma babban muzurun da ya girma a bakin rumbuna wani lokaci ba ya sabawa. In ya daina cin abinci har kwana biyu, ko yana lasar jikinsa har gashi na zubewa, bai kamata a nace ba. Sai a raba: a kira shi da kwano da magariba a rufe ƙofa, a sake shi da hantsi, tunda motocin da ke take kyanwoyi da karnukan da ke cizonsu da dare suka fi yin ɓarna.