Formula 1: Me ya sa tsara jadawalin kakar tsere ya zame wa hukumomi ƙarfen ƙafa?

Da ƙarfe 10 na daren Asabar 18 ga Nuwamban 2023 aka saki motoci a tseren Formula 1 na birnin Las Vegas da ke Amurka. Kafin gari ya waye, makanikai sun kwance motocin, sun zuba su a akwatuna, an nufi filin jirgi da su. Kafin Juma'ar da ta biyo baya kuwa, waɗannan mutanen ne dai suka sake haɗa motocin a Abu Dhabi, wurin da ke da nisan kimanin kilomita 13,000 da kuma bambancin agogo na awa 12.

Wato lokacin da jikinsu ke cewa dare ya tsala, a lokacin ne aikin rana ke jiransu.

Wannan tafiya na daga cikin misalan da ake yawan kawowa duk lokacin da aka tayar da muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a duniyar tseren motoci: yaya jadawalin da ya fi dacewa zai kasance? Masoya gasar kan jero filayen da suke ƙauna su ce shi ke nan. Amma masu aikin sun san cewa jera filayen, wane ke bin wane kuma a wane wata, ya fi zaɓensu wahala.

Daga tsere bakwai zuwa 24

Formula 1 ita ce babbar gasar motoci masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje ba a rufe ba. An fara ta ne a ranar 13 ga Mayun 1950 a filin Silverstone na Ingila, kuma tsere bakwai kacal aka yi a shekarar. Shida a Turai, ɗaya a Indianapolis ta Amurka.

A 2024 adadin ya kai 24, mafi yawa a tarihin gasar, kuma haka aka maimaita a 2025. Kamfanin Liberty Media na Amurka, wanda ya sayi harkar kasuwancin gasar a 2017, shi ke ƙulla yarjejeniya da ƙasashe da biranen da ke son karɓar baƙuncin tsere, sannan hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta amince da jadawalin.

Kowane tsere kuɗi ne, domin mai masauƙin baƙi ne ke biya kafin a zo masa. Saboda haka kamfanin na son ƙari, ma'aikata kuwa na cewa an kai maƙura. Manyan direbobi irin su Max Verstappen da Fernando Alonso sun sha bayyana cewa tsere 24 ya yi yawa.

Lissafin kansa ya nuna inda matsalar take. Kakar 2025 ta fara ranar 16 ga Maris a Melbourne ta Ostireliya, ta ƙare ranar 7 ga Disamba a Abu Dhabi. Ƙarshen mako 39 ke nan. Idan aka cire uku na hutun watan Agusta, saura 36. Kafin tsere 24 ya shiga cikin mako 36 ba tare da an jera uku ba, dole a riƙa yin biyu a huta ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kusan babu rara. Da zarar wani dalili ya sa an huta mako biyu a wani wuri, to sai an biya bashin da tsere uku a jere a wani wurin.

A 2018 aka fara jera tsere uku, a Faransa da Ostiriya da Birtaniya, kuma a lokacin ƙungiyoyi sun koka sosai. A 2025 sau uku aka yi hakan.

Yanayi ne ke fara yanke hukunci

Abu na farko da mai tsara jadawali zai duba shi ne sararin sama, kuma an koyi wannan darasi ne da tsada.

Shekaru da dama ana yin tseren Japan a filin Suzuka cikin watan Satumba ko Oktoba, lokacin da mahaukaciyar guguwa ke yawan afka wa ƙasar. A ranar 5 ga Oktoban 2014, ana tsaka da ruwan sama da wata guguwa ta kawo, motar direba ɗan Faransa Jules Bianchi ta ƙwace ta daki motar da ke janye wata motar da ta yi hatsari. Ya rasu a watan Yulin 2015 sakamakon raunin da ya ji a ka. A 2019 ma guguwa ta sa an soke duk ayyukan ranar Asabar. Tun daga 2024 an mayar da tseren Japan farkon kaka, lokacin da furanni ke toho a ƙasar.

Zafi ma haka. A watan Oktoban 2023 an yi tseren Qatar cikin matsanancin zafi da gumi, duk da cewa da daddare ne. Esteban Ocon ya yi amai cikin hular kwanonsa yana tuƙi, Logan Sargeant kuma ya ajiye mota saboda jikinsa ya gaza. A shekarar da ta biyo baya an kai tseren 1 ga Disamba.

Akwai kuma lokacin da neman masu kallo ke jawo matsala. A 2009 an jinkirta tashin tseren Malesiya zuwa ƙarfe 5 na yamma domin ya dace da masu kallon talabijin a Turai. Ruwan yamma da aka san yankin da shi ya sauko kamar da bakin ƙwarya, duhu ya biyo baya, aka tsayar da tseren aka raba rabin maki.

Ba kowane abu ne jadawali zai iya magancewa ba. Ruwa ya hana tseren Beljiyam na watan Agustan 2021 gudana yadda ya kamata, ambaliya kuma ta sa an soke na Imola a Italiya cikin Mayun 2023. Sai dai abin da aka san yana zuwa duk shekara, kamar guguwar Japan da zafin yankin Gulf, ba shi da uzuri.

Watan azumi da sauran ranaku

Tsere huɗu ake yi a ƙasashen Larabawa: Bahrain tun 2004, Abu Dhabi tun 2009, sai Saudiyya da Qatar da suka shigo a 2021. Wannan ya sa watan Ramadan ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan jadawalin.

A 2024 an yi tseren Bahrain da na Saudiyya a ranakun Asabar, 2 da 9 ga Maris, maimakon Lahadi, domin a kammala kafin a ɗauki azumi. A 2025, da azumi ya cinye watan Maris, an kai su 13 da 20 ga Afrilu, Ostireliya ta karɓi buɗe kaka. Da yake Ramadan na matsowa gaba da kusan kwana 11 duk shekara, babu yadda za a yi a kafa wa waɗannan tsere rana guda ta dindindin.

Sannan akwai sauran manyan gasanni. Nico Hülkenberg ya lashe tseren awa 24 na Le Mans a 2015, amma bai samu damar kare kambunsa a 2016 ba saboda an sanya tseren Baku na Azarbaijan a ƙarshen makon. Tseren Indianapolis 500, wanda shi ne mafi girma a gasar IndyCar ta Amurka, ya daɗe yana faɗowa rana ɗaya da na Monaco a ƙarshen Mayu.

Taswira da hayaƙi

Abu na gaba shi ne hanya. A jadawalin 2023 an tashi daga Baku zuwa Miami cikin mako guda, aka dawo Turai, aka sake tsallaka tekun Atlantika zuwa Kanada a watan Yuni, sannan aka koma Ostiriya.

Irin wannan kai-komo na da tsada ta fuska biyu. Motoci da muhimman kayan aiki a jirgin sama ake kai su, sauran kayan gareji kuwa kowace ƙungiya na da kashi-kashi da ke yawo a jiragen ruwa makonni kafin tsere.

A rahoton da Formula 1 ta fitar a 2019, ta ƙiyasta cewa ta fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi da ya haura tan 256,000 a kaka guda. Kashi 45 cikin 100 daga jigilar kaya ne, yayin da injinan motocin tseren ba su kai ko kashi ɗaya ba. Ke nan alƙawarin da gasar ta yi na kawar da tasirin hayaƙinta nan da 2030 ya rataya ne a kan jadawali fiye da man da motocin ke sha.

An fara gyara. A jadawalin 2026 da aka fitar cikin Yunin 2025, an dawo da Kanada watan Mayu domin ta bi bayan Miami, aka kai Monaco watan Yuni domin a shiga Turai a zauna. Amma gyaran ya haifar da wata matsalar, domin a 2026 tseren Kanada ne ya faɗo rana ɗaya da Indianapolis 500, kuma duka biyun a nahiya ɗaya.

Tsofaffin filaye da sabbin kuɗi

Inda zukata suka fi tafasa shi ne batun waɗanda za su shiga da waɗanda za a bari. Amurka na da tsere uku yanzu: Austin, Miami da Las Vegas. Jamus kuwa, ƙasar Michael Schumacher da Sebastian Vettel da kamfanin Mercedes, rabonta da tsere tun 2020. Faransa, inda aka fara irin wannan tsere, rabonta da shi tun 2022.

An cire Imola daga jadawalin 2026, Madrid ta shigo. Filin Zandvoort na Holland, gidan Verstappen, an sanar da cewa tseren 2026 ne nasa na ƙarshe. Shi kuwa Spa na Beljiyam, wanda direbobi da yawa ke ɗauka a matsayin filin da ya fi gwada gwanintar tuƙi, an amince ya riƙa zuwa bi da bi: ba za a je can ba a 2028 da 2030.

Abin da ya ɗaure hannun masu tsarawa shi ne dogayen kwantiragi. Bahrain na da yarjejeniya har 2036, Melbourne har 2037, Miami har 2041. Duk wanda ya ce zai zana jadawali a farar takarda zai tarar yawancin gurabun an riga an sayar.

Ina Afirka?

Gasar na kiran kanta ta duniya, amma rabonta da Afirka tun 1993, lokacin da Alain Prost ya lashe tseren Kyalami da ke kusa da Johannesburg. Kafin nan, Maroko ta taɓa karɓar tsere ɗaya a Casablanca a 1958.

Lewis Hamilton, wanda ya lashe gasar sau bakwai, ya daɗe yana kira da a dawo nahiyar. A Disamban 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar a Kigali cewa Ruwanda na neman karɓar tsere, Afirka ta Kudu ma na ƙoƙarin farfaɗo da Kyalami. A 2025 Hukumar Wasanni ta Najeriya ta nuna sha'awar kawo tseren Abuja.

Ta fuskar jadawali, Afirka na da wata riba da ba a cika ambata ba. Agogonta kusan ɗaya ne da na Turai, inda ƙungiyoyin ke da masana'antunsu. Makanikin da ya tashi daga Ingila zuwa Johannesburg ko Kigali zai sha doguwar tafiya, amma barcinsa ba zai rikice ba kamar na wanda ya je Las Vegas. Abin da ya rage shi ne kuɗi: na gina fili ko gyara shi ya kai matakin da FIA ke buƙata, da na biyan kuɗin karɓar baƙunci duk shekara, a ƙasashen da ke da wasu buƙatu na gaggawa.

To, wane jadawali ne ya fi?

Idan aka haɗa waɗannan darussa, ana iya zana jadawali mai ma'ana kamar haka.

A rage adadin zuwa 21 ko 22. Wannan zai ba da sararin da za a daina jera tsere uku, musamman idan akwai tsallaka teku a tsakani.

A buɗe kaka a Maris da Ostireliya da China da Japan. Bahrain da Saudiyya su zo gaba ko bayansu, gwargwadon inda azumi ya faɗo. Tseren Afirka ya shiga wannan zango na farko, kamar yadda Kyalami ta buɗe kakar 1992 da ta 1993.

Mayu na Miami da Kanada ne. Daga Yuni zuwa farkon Satumba a zauna a Turai, inda ake jigilar kaya da manyan motoci, tare da hutun Agusta wanda doka ta tilasta wa ƙungiyoyi rufe masana'antu na kwana 14. A nan ne tsarin bi da bi zai yi amfani: gurbi biyu ko uku su riƙa zagayawa tsakanin filaye irin su Imola da Zandvoort da na Jamus da Faransa, yadda ba za a binne wani gaba ɗaya ba.

Daga nan sai Baku da Singafo, sannan Austin da Meziko da Brazil da Las Vegas a zango ɗaya. Kafin a tafi Qatar da Abu Dhabi, a bar mako guda babu tsere.

Masu son tarihi za su ce a rufe kaka a Interlagos ta Brazil, inda Hamilton ya ci kambunsa na farko a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe a 2008. Magana ce mai daɗi, amma Abu Dhabi ke riƙe da wannan gurbi tun 2014.

Cire tsere biyu ko uku na nufin kamfanin zai yi asarar maƙudan kuɗi, ƙungiyoyin ma haka, tunda da su ake raba ribar. Shi ya sa shugabannin ƙungiyoyi kan koka da gajiyar ma'aikatansu, amma da wuya ka ji ɗayansu ya ce a rage masa kasonsa. Abin da wasunsu suka koma yi shi ne sauya ma'aikata, wasu su je wannan tsere wasu su je wancan. Direba da injiniyan da ke magana da shi ta rediyo da manyan makanikai kuwa, yawancinsu sai sun je duka.