Dalilin tsaurara dokoki yayin tashi da saukar jirgin sama

A ranar 2 ga watan Janairun 2024, wani jirgin saman fasinja na kamfanin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na dakarun tsaron gaɓar teku a filin jirgin Haneda da ke birnin Tokyo, ya kuma kama da wuta.

Mutane biyar sun mutu a ƙaramin jirgin, amma dukkan mutane 379 da ke cikin babban sun tsira da rayukansu. Daga cikin abubuwan da aka yaba har da yadda fasinjojin suka bi umarnin ma'aikatan jirgin, suka fita ba tare da ɗaukar kayansu ba.

Mafi yawan haɗurran jiragen sama na aukuwa ne lokacin tashi ko sauka, lokacin da jirgi ke kusa da ƙasa, matuƙi kuma ba shi da sararin gyara kuskure.

Don haka ne hukumomin sufurin sama na Amurka da Turai ba sa amincewa da babban jirgin fasinja sai an gwada cewa za a iya kwashe kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90, wato minti ɗaya da rabi, alhali rabin ƙofofinsa na rufe.

Galibin umarnin da ake bai wa fasinja na da nasaba da wannan ɗan taƙaitaccen lokaci.

Kujera da tebur

Kujerar da aka kwantar takan tare wa na baya hanya, haka ma teburin da aka bari a buɗe. Bel ɗin da aka ɗaure a ƙugu kuma shi ke hana mutum yin gaba idan jirgi ya tsaya da ƙarfi.

Jakar da aka ajiye a kan hanya tana iya kayar da mai gudu a cikin hayaƙi.

Taga da fitila

Kamfanoni da dama kan buƙaci a ɗaga murfin taga domin a ga ɓangaren da wuta take kafin a buɗe ƙofa.

A shekarar 1989, kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, fasinjoji sun hango wuta a injin hagu na jirginsu, amma matuƙan suka kashe na dama bisa kuskure. Mutane 47 ne suka mutu.

Ana rage hasken fitilu da dare ne domin ido kan ɗauki mintuna kafin ya saba da duhu. Idan lantarki ya ɗauke, fasinja zai iya ganin ƙananan fitilun da ke ƙasa masu nuna hanyar fita.

Hayaƙi ne ya hallaka akasarin mutane 55 da suka mutu a gobarar wani jirgi a Manchester a shekarar 1985.

Batun kaya

A watan Mayun 2019, mutane 41 daga cikin 78 suka mutu lokacin da wani jirgin Aeroflot ya kama da wuta a birnin Mosko. Hotunan bidiyo sun nuna wasu da suka tsira riƙe da jakunkunansu, abin da ya janyo suka mai zafi.

Duk wanda ya tsaya buɗe ma'ajiyar kaya a irin wannan hali, yana tsare da dukkan waɗanda ke bayansa.