Kotun Ɗaukaka Ƙara: Aikinta da Tsarinta

Duk wanda ya bi ta titin Kotu Rod a unguwar Gyadi-Gyadi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, a ranar aiki, zai ga jama'a a bakin Babbar Kotun Tarayya. Sau da yawa akan ji wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana cewa zai ɗaukaka ƙara. Mafi yawan masu faɗin haka suna zaton za a sake shari'ar ne tun daga farko, a kira shaidu, kowa ya sake zuba bayaninsa. Wannan zato kuskure ne, kuma yakan jawo asarar kuɗi da lokaci.

An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nijeriya a shekarar 1976, domin ta tsaya tsakanin manyan kotuna da Kotun Ƙoli, wadda ƙararraki suka yi wa yawa. Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ya shugabance ta daga 1978 zuwa 1992. Kotu ɗaya ce tak, hedikwatarta na Abuja, amma an rarraba ta rassa domin a kusanto da ita ga jama'a. Shekaru da dama mutanen Kano sai sun tafi Kaduna da ƙararrakinsu, har zuwa 2020 da aka samar da reshen Kano, tare da na Gombe da Asaba da Awka.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa alƙalan kotun kada su gaza 49, ban da shugabanta. Daga cikinsu, aƙalla uku su kasance masana shari'ar Musulunci, uku kuma masana dokokin gargajiya. Ba a naɗa mutum sai ya shekara 12 da zama lauya. Haka nan kuma, alƙali ɗaya ba ya zama shi kaɗai. Aƙalla uku ne ke sauraron kowace ƙara, kuma ra'ayin mafi rinjaye shi ne hukunci.

Hanyoyin isa wannan kotu sun bambanta. Ƙarar da aka yanke a Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotun Jiha kai tsaye take zuwa. Wadda aka fara a kotun majistare kuwa sai ta biyo ta Babbar Kotun Jiha tukuna. Rigimar gado ko aure ko wasiyya da ta taso daga kotun shari'ar Musulunci takan bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, sa'an nan ta iso. A irin wannan ƙara, tsarin mulki ya ce masana shari'ar Musulunci uku ne za su zauna.

To, me alƙalan ke dubawa? Kundin shari'ar da aka yi a ƙasa ne, wato duk abin da aka rubuta na shaida da hujjoji da hukunci. Lauyoyi su rubuto muhawararsu, su nuna inda suke ganin alƙali ya saɓa wa doka, ko ya hana wani ɓangare damar kāre kansa. Ba a karɓar sabuwar shaida sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kotun na iya tabbatar da hukunci, ko ta soke shi, ko ta gyara, ko ta sa a sake shari'ar a gaban wani alƙali. A ƙasar Norwe, mai kotunan ɗaukaka ƙara shida na yankuna, tsarin daban ne, domin a can akan sake sauraron shaidu, har ma a zauna da mutanen gari waɗanda ba lauyoyi ba. A Nijeriya kundi shi ne madogara.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ma takan yi kuskure, shi ya sa akwai ta gaba da ita. A watan Satumba na 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf, a watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da hakan, amma ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin duka biyu. Da a ce zaɓen ɗan majalisar jiha ko ta tarayya ne, da magana ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara, domin a nan ita ce ta ƙarshe.

Daga ƙarshe, akwai batun lokaci. Doka ta ba da wata uku a ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe a rigimar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi. Wanda ya makara sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, ya kuma kawo uzuri mai gamsarwa. Saboda haka ya kamata mai shari'a ya gabatar da dukkan hujjojinsa tun a kotun farko, ya tabbata an rubuta su, ya kuma nemi kwafin hukunci da zarar an yanke shi.