Wa ake fara biya? Bayani a kan kalmar « subrogation » a fannin inshorar lafiya

Wajen tsara ƙamus na kalmomin shari'a mun ci karo da kalmar Faransanci subrogation, wadda aka saba fassarawa da « maye gurbi ». Kafin mu amince da fassarar, ya kamata mu duba abin da kalmar take aikatawa.

Mota ta buge mutum, kamfanin inshorar lafiya ya biya kuɗin asibiti. Daga baya mutumin ya kai ƙara, aka sasanta, aka ba shi diyya. Sai kamfanin ya ce a mayar masa da abin da ya kashe, don kada a biya magani ɗaya sau biyu. Hujjar tana da ƙarfi in diyyar ta wadata. Rigima tana tashi ne in ba ta wadata ba.

Misali sananne shi ne shari'ar US Airways da McCutchen a Amurka. Ma'aikacin ya yi hatsari a 2007, asusun lafiya na kamfanin ya biya dala 66 866. Ya samo dala 110 000, lauyoyinsa suka ɗauki kashi 40 cikin ɗari, saura dala 66 000. Kamfanin ya nemi kuɗinsa cif, wato fiye da abin da ya shiga hannun mutumin. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa, a ƙarƙashin dokar ERISA ta 1974, rubutun yarjejeniya ya rinjayi ƙa'idar da ke cewa sai an cika wa wanda aka cuta asararsa tukuna. Amma da yake yarjejeniyar ba ta ambaci ladan lauya ba, kamfanin ma sai ya ɗauki rabonsa na ladan. Mu lura: shirun takarda ne ya rage wa mutumin asara.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar Badinter ta 5 ga Yuli 1985 ta lissafa masu ikon neman a mayar musu, sannan dokar 21 ga Disamba 2006 ta sa a yi lissafin fanni-fanni, tare da fifita wanda aka cuta. A ce asararsa a wani fanni 100 ce, asusu ya biya 60, mai laifi kuma rabi kawai ya hau kansa, wato 50. Mai rauni zai fara ɗaukar 40 da suka rage masa, asusu ya tashi da 10. Kafin 2006 asusun ne yake kwashe 50 ɗin duka. Batun ya shafe mu, tun da Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, wadda dokarta ta hatsarin mota ta ɗauko abubuwa da dama daga tsarin Badinter.

Nan ne fassarar tamu ta gaza. A Hausa, ana maye gurbin wanda ya tashi ne, kamar sarkin da ya rasu ko malamin da aka canja wa wurin aiki. Shi kuwa mai rauni yana nan zaune, da sauran haƙƙinsa. Don haka muna ba da shawarar « shiga haƙƙin wani gwargwadon abin da aka biya ». Ta yi tsawo, mun sani, amma « gwargwado » ce take ɗauke da iyakar da alƙali zai nema.