Kwalin ɗalibai da yaran Adjame

Tun watan Oktoban 2024 wata magana take yawo a rumfunan kasuwar Forum ta Adjame, da bakin masallatan Treichville, da zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Abijan. Wai gwamnatin Kwaddibuwa ta haramta duk wata ƙungiyar ɗalibai, saboda haka wanda ya jefa ko dala a kwalin da 'yan makaranta ke zagayawa da shi ya sayo wa kansa rigima da hukuma. Wasu kuma ba tsoron hukuma ne ya dame su ba. Cewa suke yi a ƙasar nan ɗalibi da kuɗin jama'a ba su taɓa haɗuwa an rabu lafiya ba. Samari da 'yan matan da ke tara ɗan abin da za su yi wa ƙannensu na unguwa hidima da shi, ko darasin yamma, ko ƙwallo tsakanin layuka biyu da ba sa ga maciji, ko zaman sulhu, su ne wannan magana ta faɗa wa a ka. Sai su wuni suna yawo su koma da kwali ba nauyi.

Abin da hukuma ta yi a fili yake. Ranar 17 ga Oktoba 2024 Majalisar Tsaron Ƙasa ta sanar da rushe ƙungiyoyin ɗalibai masu tsarin sandika, wato irin na ƙungiyar ƙwadago, kuma kowa ya san babbar ƙungiyar ɗaliban ƙasar, FESCI, ake nufi da farko. Hakan ya biyo bayan kisan ɗalibai biyu a watannin Agusta da Satumba, aka kama shugaban ƙungiyar, Sié Kambou, aka shiga gidajen kwanan ɗalibai aka fitar da mutum wajen 5,000 da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, aka kuma kwaso adduna sama da 100. Mutanen unguwannin Williamsville da 220 Logements ba sa bukatar a ba su labari, don gidajen kwanan suna maƙwabtaka da su. FESCI ta fara ne a 1990 da neman haƙƙin ɗalibai da buɗe siyasar jam'iyyu da yawa, ta haifar da Guillaume Soro da Charles Blé Goudé, daga baya ta zama mai karɓar kuɗin hayar ɗakunan gwamnati da harajin dole daga masu teburi a bakin jami'a. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta wannan dalla-dalla tun 2008. Don haka ba na ganin laifin mai sayar da abincin garba da ya sha biyan irin wannan kuɗi in gabansa ya faɗi da ganin yaro da kwali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai hukuncin bai taɓa ƙungiyoyin addini da na taimakon juna ba. AEEMCI, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ke aiki tun shekarun 1970, tana nan. Ta ɗaliban Katolika, JEC, tana nan. Haka ƙananan taron 'yan makarantar unguwa ɗaya, ko 'yan asalin gari ɗaya, waɗanda yawancinsu ko ofis ba su da shi. Bambancin mai karɓa da ƙarfi da mai roƙo da ladabi ba ya bukatar lauya: na farko in ka hana shi gobe teburinka ba ya nan, na biyu in ka ce masa “Allah ya ba da sa'a, yarona”, zai ce “Amin, Baba”, ya wuce. Abin da ke ci mini rai shi ne direban motar haya ta gbaka da ke miƙa wa gnambro, 'yan kamashon tasha, kuɗi a kowane lodi a tashar Adjame, da ɗan kasuwar da ya saba da kuɗin gadi na dole, ba sa tambayar ina kuɗin ke zuwa. Sai a gaban yarinyar da ta zo da takarda da sunayen yara goma sha wani abu da take son mayarwa makaranta ne kowa ke zama mai bincike.

Akwai wata fahimta da ta fi jita-jitar illa, domin ita ce ke sa mutane ganin aikin gaba ɗaya ɓata lokaci ne. Ita ce cewa yaran da ake kira microbes marayu ne ko 'yan titi marasa asali, maganinsu sanda ko gidan yari. Wasu 'yan ƙasa su ce 'ya'yan baƙi ne, mu kuma mu ce na wasu ne. Waɗannan yara sun bayyana a Abobo bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka wajen 3,000, sannan suka bazu zuwa Attécoubé da Adjame da Yopougon. A 2017 ƙungiyoyin Interpeace da Indigo Côte d'Ivoire suka fitar da binciken da suka yi a Abobo, inda suka zauna da yaran kansu da iyayensu. Abin da suka gano shi ne galibinsu suna da gida, suna da uwa ko uba a raye, da dama sun taɓa shiga aji. Suna cikin gungu da suke kira gbonhi, kowane gungu da babbansa, vié père, wanda shi ke haɗa su da manyan tasha, da masu gidajen shaye-shaye, da 'yan siyasa in zaɓe ya matso.

Gbonhi kamar adashe yake. Yaro yana zubi kullum, da biyayya, da aike, da jikinsa in faɗa ya tashi. Ranar kwasarsa ita ce ranar da aka mare shi a wani layi, ko 'yan sanda suka kama shi, ko uwarsa ta kwanta ba kuɗin magani. Ran nan gungu zai fito masa. Vié père shi ne uwar adashe, shi ke riƙe da lissafin wanda ya zuba da wanda ya yi fashi. Duk matar da ta taɓa yin adashe ta san ba a fita a tsakiya lafiya, kuma ba a barin shi don an ji nasiha mai daɗi. Ana barin shi ne in an sami wani wurin zubi da ya fi shi tabbas. Yaro ɗan shekara 13 da aka koro daga makaranta, a ɗaki ɗaya da mutum takwas, uba ya fita tun asuba uwa tana bakin kasko har dare, ina ne kuma zai zuba ya kwasa? A watan Afrilun 2015 mutanen Attécoubé suka kashe wani jagoran yaran da ake kira Zama, kisa mai muni a bainar jama'a. Gungun bai watse ba, wani ya hau kujerar.

Nan ne ɗalibi yake da abin da ɗan sanda ba shi da shi, liman ma ba shi da shi. Shekara huɗu ko biyar ce tsakaninsa da yaron. A tsakar gida ɗaya suka tashi, famfo ɗaya suke bin layi, yaren titi na nouchi ɗaya suke yi. Ya san wane yaro ne ya fara kwana a waje, wane ne aka fara gani da ƙwayar tramol da barasar gwangwani, haɗin nan da ake kira kadafi, wanda ya sa gwamnati ta dakatar da shigo da irin waɗannan abubuwan sha a 2023. Ɗalibin Jami'ar Nangui Abrogoua da ke sauka daga gbaka da jaka a baya kowace yamma shi ne kaɗai shaidar da yaron yake da ita cewa akwai wata hanyar zama babban yaya ba tare da adda ba.

Amma dole in faɗa wa ɗaliban nasu. Yawancin kuɗin da ake tarawa da sunan zaman lafiya a kan riguna masu hoton kurciya yake ƙarewa, da hayar kujeru da rumfa da lasifika, da lemon manyan baƙi. A yi maci ranar 15 ga Nuwamba, Ranar Zaman Lafiya ta Ƙasa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, shi ke nan sai baɗi. Ƙasar nan ba ta rasa bukukuwan zaman lafiya ba. A Yamusukuro aka yi babban taron UNESCO na 1989 da ya fito da batun al'adar zaman lafiya, kuma marigayi Houphouët-Boigny ya sha nanata cewa zaman lafiya hali ne da ake gani a aikace. Yaron da aka sa wa farar riga da safe, da dare vié père ne zai saya masa garba.

Abubuwan da ke raba yaro da gungu ba su da armashi a hoto. Na farko takardar haihuwa. Doka ta ba da wata uku a yi wa jariri rajista, in aka wuce sai an bi ta kotu a samo hukuncin da zai maye gurbinta. Iyaye da yawa a cikinmu, musamman waɗanda suka zo ci-rani suka zauna, ba su yi ba, wasu don rashin sani, wasu don tsoron ofis. Yaro zai yi ta tafiya har aji shida na firamare, sai lokacin jarabawar CEPE a ce ina takarda. Daga nan da yawa suke ficewa, alhali tun 2015 doka ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16. Ɗalibin da ya iya Faransanci, ya san ƙofar da ake shiga a ma'aikatar magajin gari, ya ɗauki uwar yaro ya raka ta, ya biya kuɗin tambari da na mota daga kwali, ya yi aikin da maci goma ba za su yi ba. Na biyu kuɗin sa yaro a hannun ubangida, tela ne ko bakanike ko mai gyaran waya a kasuwar Black Market, da ɗan abin karin kumallo na watannin farko kafin hannunsa ya faɗa. Na uku alli da fitila da benci, a zauren da wani dattijo ya ba da aro, awa biyu kowace yamma. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 75 a wata tun 2023, kuma yawancin iyayen yaran nan ko shi ba sa samu, waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne katangar da iyaye suke kasa tsallakewa.

Wayar da kai ma tana da wurinta, kuma mu Hausawan Abijan mun fi kowa sanin haka. Ranar 19 ga Mayu 2021 wani bidiyo ya bazu a Facebook, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kwaddibuwa. Ƙarya ne, tsohon bidiyo ne daga Najeriya. Kafin gari ya waye da gaskiyar, an far wa 'yan Nijar a Abobo da Yopougon da wasu unguwanni, an fasa teburan masu garba da masu shayi, an ji wa mutane ciwo, an rasa rai. Kotu ta ɗaure wata mata da ta yi kira a far musu shekara biyar, amma bayan ɓarna ta auku. Samari ne suka yi dukan. A birnin da baƙi suke da yawa, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin ɗari na mazaunanta ba 'yan ƙasa ba ne, ɗalibin da aka haifa a Treichville, yana jin Hausa da Jula da Faransanci, yana da abokan aji Baule da Bete, ya kuma san yadda ake bin sawun bidiyo a gane daga ina ya fito, zai iya kashe irin wannan wuta a zauren WhatsApp na ajinsu kafin ta fito titi. In kwali zai saya masa kuɗin intanet, ya kuma biya wurin da za a tara yaran layi a nuna musu yadda ake gane hoton ƙarya, ban ga asara a ciki ba.

Hukuma ta yi nata, ba a musu. An yi samamen 'yan sanda, an kwashi yara zuwa sansanin gyaran hali na M'Bahiakro, an koya musu sana'a. Amma yaro in ya gama watanninsa unguwar da ya bari yake komawa, kuma babu ma'aikacin gwamnati da ke jiran sa a bakin layi. Sannan a 2024 aka yi rusau a Boribana da Gesco da ƙauyen Adjame, dubban iyalai suka watse, da yawansu a tsakiyar shekarar karatu, har makaranta aka rushe a Gesco. Ko da akwai hujjar ambaliya da ta hanya, ban ga an yi lissafin inda yaran za su zauna a aji ba. Rushe FESCI ma haka: an cire abin da ya ruɓe, kuma ya kamata a cire, amma ba a fito an faɗa wa jama'a da harshen da suke ji cewa sauran ayyukan ɗalibai halal ne ba. Sanarwa ɗaya a rediyo da Jula da Hausa da ta kashe jita-jitar tun a makon farko. Kwaddibuwa tana cikin ƙasashen da kudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2250 na 2015 ya shafa, wanda ya ce a sa matasa cikin aikin gina zaman lafiya. Matasan nan ga su sun kawo kansu.

Wanda ke shakka yana da haƙƙin tambaya, kuma ɗalibin kirki ba zai ji haushi ba. A tambaye shi wane liman ko fada ko shugaban unguwa ne ya san da su. In ta Wave ko Orange Money ake turawa, lambar da sunan wa take, kuma mutum nawa ne ke ganin abin da ya shiga. A ce ya nuna littafin da aka rubuta abin da aka tara wancan karo da inda ya tafi, ya kuma yarda a karanta shi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. A tambaye shi yara nawa, a wane layi. Wanda bai natsu da ba da tsabar kuɗi ba, ya sayi littattafai da kansa, ko ya biya kuɗin takarda ɗaya ya karɓi rasit. Alhajin da ke da shago a Rue 12 ko rumfa a Forum yana iya cewa a kawo masa yaro ɗaya ya riƙe, ɗalibin ya riƙa leƙowa duk mako yana duba shi. Makarantu a watan Satumba suke buɗewa, takardar kotu kuwa tana ɗaukar lokaci, saboda haka masu son yaro ya zauna jarabawa a shekara mai zuwa tun lokacin hutu ya kamata su fara bin ta.