Ciwon ƙoda ba ya tsayawa a ƙoda

A majalisun unguwar Ajiya, da ma cikin Jimeta baki ɗaya, in aka ce wane yana da ciwon ƙoda, sai ka ji dattawa na cewa: "Alhamdu lillahi, tunda fitsari na fita kuma ba a kai ga wankin ƙoda ba, da sauƙi." Masu faɗin haka ƙarfafa gwiwa suke yi, kuma sun ga wahalar da iyalai ke sha wajen biyan kuɗin wanki. Sai dai, tare da girmamawa, maganar tana sa a yi sakaci da zuciya, alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa masu ciwon ƙoda da yawa ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke kashe su tun kafin su kai ga injin wanki.

Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da gishiri da sinadarin fosfet yadda ya kamata. Fosfet ya haɗu da kalsiyam su kwanta a bangon jijiyoyin jini, sai babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta yi tauri kamar tiyon da ranar Afrilu ta Yola ta busar. Lafiyayyar jijiya takan buɗe ta karɓi bugun zuciya. Mai tauri kuwa turjewa take yi. Zuciya ta dinga turawa da ƙarfi, naman ɓangarenta na hagu ya yi kauri, jinin da ke ciyar da ita kanta ya ragu. A shekarar 1999 likitoci a Faransa, Jacques Blacher da Gérard London da abokan aikinsu, sun nuna cewa a cikin masu wankin ƙoda, waɗanda jijiyarsu ta fi tauri su suka fi saurin mutuwa.

Alamar taurin jijiyar tana cikin awon hawan jini: lambar sama ta hau, ta ƙasa ta sauka, kamar 170 bisa 70. Wannan tazarar abin nuna wa likita ce.

Don haka mai ciwon ƙoda ya roƙi a duba zuciyarsa duk lokacin da ya je Asibitin Ƙwararru na Yola ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Ya rage gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana. Ya bar taba, ya guji sayen diclofenac da ibuprofen a kemis ba da izinin likita ba, ya riƙe maganin hawan jininsa ko da yana jin garau. Mu kuma 'yan uwa, in mun je gaisuwa, mu tambayi awon jininsa kamar yadda muke tambayar fitsarinsa.